Muryar Da Ta Fita Daga Aji

Litinin, 13 ga Janairu, bayan la'asar

Hajiya Talatu ce ta ce in riƙa rubuta abin da na koyar, wai haka malamai suke yi. Na ce mata ni ba malami ba ne, mai gyaran waya ne, aji biyu na yi a sakandare na fita. Ta ce, "To wa ya fi ka sanin abin da yaran nan suke yi da waya?" Shi ne na sayi wannan littafin. Amma ba zan nuna mata ba, rubutuna karkatacce ne.

Wata uku ke nan ina zuwa makarantarta Talata da Alhamis, sha ɗaya zuwa sha biyu. In rufe rumfata ta bakin titin jirgi, in je in koya wa 'yan aji shida yadda ake zama da waya. Su talatin da ɗaya. Mun yi lambar sirri. Mun yi yadda ake rubuta imel, a gaishe da mutum kafin a roƙe shi. Jabir ya fara wasiƙar neman makaranta da "How far, sir", aji ya yi ta dariya har malamin lissafi ya leƙo.

Gobe darasin saƙon ƙarya ne. Na lura mutanenmu ba rubutu ne yake ruɗarsu ba, murya ce. Da mutum ya yi sallama, ya sauke murya, ya ambaci Allah, an gama. Don haka ɗazu na shiga bayan rumfa na ɗauki sanarwar rasuwa ta ƙarya da muryata. Na ce Allah ya yi wa Alhaji Lado mai shanu rasuwa a hatsarin mota a hanyar Arewa, a sanar da 'yan'uwa. Da gangan ban faɗi rana ba, ban faɗi gari ba, ban faɗi wanda ya aiko ni ba, ban faɗi inda za a yi jana'iza ba. Sunan kawuna ne, ya rasu a Gaya tun ina yaro, na ga ba wanda zan cuta da shi.

Na tura a guruf ɗin aji. Na rubuta a samansa da manyan baƙaƙe: GWAJI NE, ƘARYA NE, KADA A TURA. KU NEMO ALAMU HUƊU. Yawancinsu ba su da waya, da ta iyayensu suke shiga in an dawo gida.

Talata, 14 ga Janairu, bayan azahar

Yau na ji daɗin aji. Mubina, 'yar Baballe dillalin shanu na mayankar Oko-Oba, ita kaɗai ta kawo alamun duka huɗu. Sai ta ce akwai ta biyar. Na ce wacce? Ta ce, "Malam, mutumin da yake ba da labarin Arewa, me ya kawo kwandastan motar garin nan yana kiran fasinjan Oshodi a bayansa?" Wallahi ni kaina ban ji ba. Aji ya ɗau tafi. Na dubi agogon bango tana tsaye, sha biyu saura minti ashirin, na ji haushin lokaci ya kusa ƙarewa.

Jabir ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, in kuma gaskiya ne fa? Jana'iza ba ta jira. Babana ya ce wanda ya riƙe sanarwar mutuwa ya hana mutane lada." Na ce babanka bai yi ƙarya ba. Amma ka kira mutum ɗaya a gidan kafin ka tura, minti ɗaya ne. Ya ce, "Da katin wa?" Aka sake dariya.

Yarinyar nan in ta samu hanya za ta yi nisa.

Talata, kafin magariba

Na je teburin Salissou mai shayi. Ina zaune na ji muryata tana fitowa daga wayar wani dattijo da ban sani ba. Ya cire hula yana salati.

Ban sha shayin ba.

Laraba, 15 ga Janairu, hantsi

Ashe akwai Alhaji Lado mai shanu a nan Agege. Layi na uku bayan masallacin 'yan kara. Shekara goma sha ɗaya ina garin nan ban taɓa jin sunansa ba, ni sai waya da 'yan waya. Ya tafi Arewa sayen shanu tun makon jiya, yana hanyar dawowa da tirela, wayarsa a kashe. Duk wanda ya kira ya ji a kashe sai ya ce shi ke nan.

Rubutun da na yi a sama bai bi saƙon ba. In an tura murya ita kaɗai take tafiya. Na san haka. Ni nake koyar da haka.

Jiya na ɗauki wata muryar, na ce ni ne Harisu mai gyaran waya, ƙarya ne, darasi ne, a yi haƙuri. Na tura wa duk lambar da nake da ita. Na je ƙofar gidan da ƙafata. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi. Na ce da wani a bakin layi ƙarya ne, ni na ɗauka. Ya ce, "To in ƙarya ne ina Alhajin? Kira shi mu ji." Na kira. A kashe.

Laraba, bayan la'asar

An ce matarsa Furera ta faɗi a matakala lokacin da aka shigo mata da labarin. An kai ta asibiti.

Alhamis, 16 ga Janairu, bayan azahar

Alhaji Lado ya dawo da asuba. An ce ya sauka daga keke a bakin layi da jakarsa a kafaɗa, ya tarar da mutane zaune a ƙofarsa. Wasu sun tashi da gudu sun bar takalma. Iya Risika mai burodi, maƙwabciyar rumfata, tana ba ni labari tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Injiniya, you kill person, you wake am again." Da ta ga fuskata sai ta ajiye mini burodi ɗaya a kan tebur ta koma wajenta.

Na je aji. Kujerar Mubina ba kowa. Ban iya koyar da komai ba, na sa su suka sake rubuta imel ɗin makon jiya.

Na ji abin da aka ce a asibiti game da Furera, ba mai daɗi ba ne. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Juma'a, 17 ga Janairu, bayan sallar Juma'a

Jabir ya nuna mini hoton guruf ɗin 'yan kara daga wayar babansa. Daga lambar Baballe saƙon ya fara fita. Talata, 11:42, lokacin Mubina tana gabana a aji.

Baballe ya ce a gaban mutane yarinyar ce ta tura da safe kafin ta tafi makaranta, sabis ne ya riƙe saƙon sai daga baya ya shiga. Ya ce shi bai san boko ba balle ya san tura abu. Ya ce ba ita ba makaranta, tunda abin da ake koya musu ke nan.

Sabis yakan riƙe saƙo, gaskiya ne. Ba zan ce ba ya yi ba.

Amma yarinyar da ta ji kwandasta a bayan murya ba za ta tura ba.

Asabar, 18 ga Janairu, hantsi

Na gyara waya huɗu. Mutum biyu sun zo kallona kawai.

Lahadi, 19 ga Janairu, bayan la'asar

Na je gidan Alhaji Lado. Sau biyu ina kaiwa bakin layin ina juyawa, a na uku na shiga. Yana zaune a kan benci a soro, ɗan gajere, da furfura a gemu. Na durƙusa na gaishe shi. Kafin in faɗi sunana ya ce, "Na gane muryar. Kai ne ka kashe ni."

Na ce ni ne, Alhaji.

Ya ce, "A Mokwa na ji. Direba ya sa wayarsa a caji, ya kunna mini. Ina zaune ina cin gyaɗa ana ce mini na mutu. Ka iya sanarwa, yaro, har na kusa yi wa kaina addu'a."

Ban san ko in yi dariya ba. Na faɗa masa komai, kawuna, da darasin, da rubutun da na yi a sama. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Ya ce, "Wato ƙaryar ka faɗe ta da baki, gaskiyar ka rubuta ta." Na ce haka ne. Ya ce, "A garin da rabinmu ba mu karatu." Na ce haka ne.

Na ce ya yafe mini. Ya daɗe yana kallon ƙofar cikin gida. Ya ce, "Ni ba abin da na rasa, sai ma na ga waɗanda suka zo da waɗanda ba su zo ba. Wadda za ka roƙa tana ciki, kuma ba ta son jin muryar nan. Tashi ka tafi. In lokaci ya yi zan aika."

Ina fita na ga mata uku suna shiga da kwanuka.

Talata, 21 ga Janairu, bayan azahar

Kujerar Mubina har yau ba kowa.

Hafsa, ƙawarta, ta tsaya bayan an tashi. Ta miƙo mini takarda a ninke, ta fita ba ta jira ba. Rubutun Mubina ne. "Malam, don Allah kada ka ce komai a kan lokaci. Ka bar shi a kaina. Alhaji Lado ubangidan Babana ne shekara ashirin."

Na karanta sau da yawa. Ba ta ce wane ya tura ba. Ni ma ba zan ce ba.

Na shiga ofis wajen Hajiya Talatu. Ta ce ranar Juma'a bakwai ga wata mai zuwa za ta rufe ɗaukar hoto da yatsa na 'yan WAEC, duk wanda ba a ɗauka ba sai baɗi. Na ce Mubina fa? Ta ce, "Harisu, 'yarsa ce. Na aika sau biyu, ya ce a gaishe ni." Na ce Hajiya kin san ba ita ba ce. Ta cire gilashinta ta goge da gyale. Ta ce, "Sanina me zai yi mata? In na kunyata shi a gari, ka ga ya dawo da ita?"

Sai baɗi. Na san irin baɗin nan. Ni ma baɗi aka ce mini.

Laraba, 22 ga Janairu, hantsi

Ina ta tunanin Baballe. Ba mugu ba ne. Ya taɓa kawo mini wayarsa, sikirin ya fashe, ya tsaya yana ba ni labarin yadda 'yarsa take karanta masa takardun asibiti da Turanci, har likita ya tambaya ko 'yar jami'a ce. Da alfahari yake faɗa.

Ga yadda nake gani. Yana cikin kara, waya a aljihu, ya latsa ya ji sallama da salati da sunan ubangidansa. Me zai yi? Abin da kowane mutumin kirki zai yi. Shi ya fara isa gidan, shi ya ɗauko rumfa. Da gaskiya ta fito, mutane suka juyo suna kallonsa, bakinsa ya riga shi. Yanzu kuma maganar da ya faɗa ita take jan sa. In ya bar ta ta koma makaranta, za a ce to ina hukuncin?

Wannan tunanina ne kawai. Ban gani ba.

Alhamis, 23 ga Janairu, bayan azahar

Yara goma sha tara suka zo aji. An cire lambobi goma sha ɗaya daga guruf. Na koya musu yadda ake sa hannu a ƙarshen wasiƙa. Jabir bai yi wasa ko ɗaya ba.

Asabar, 25 ga Janairu, bayan la'asar

Taron iyaye. An cika ajin 'yan firamare, manyan mutane a kan ƙananan benci, gwiwa har ƙirji. Baballe yana can baya kusa da taga.

An yi magana da yawa. Wani ya ce waya ce ta lalata yara. Wata ta ce ita da ma ba ta yarda a kawo ɗan kasuwa ya koyar ba. Baban Jabir ya ce a yi adalci, shi ɗansa ne ya hana shi tura lambar banki ga wani da ya kira shi wai daga Abuja.

Da aka ba ni dama na miƙe. Na ce laifin nawa ne, ba na ɗalibi ba ne, ba na wanda ya tura ba ne. Na ce ni na faɗi ƙarya da baki na rubuta gargaɗi da hannu, na aika cikin wayoyin da na san ba yara kaɗai suke riƙewa ba. Na ce duk Musulmin da ya ji wannan muryar zai tura, ko ni da ban san ta ba zan tura. Na ce in akwai hukunci a yi mini, amma yarinya saura mata wata huɗu ta gama, kada a haɗa ta da ni.

Ban kalli taga ba. Ban faɗi lokaci ba.

An rufe darasin. Hajiya ta ce sai abin da hali ya yi. Da aka fito na nemi Baballe, an ce tun ina magana ya fita.

Lahadi, 26 ga Janairu, hantsi

Ban fita ba.

Litinin, 27 ga Janairu, bayan azahar

Na je Oko-Oba. Hafsa ta ce a can aka kai Mubina, wajen gwaggonta mai sayar da kayan ciki.

Na gan ta kafin ta gan ni. Tana tsugune gaban baho, tana kankare tumbi da ruwan zafi, tururi yana dukan fuskarta. Da ta ɗago ta gane ni sai ta ja hijabi ta juya baya. Na wuce kamar ban gani ba.

Baballe yana ƙarƙashin rumfar dillalai, su kusan goma. Na yi sallama. Wani a cikinsu ya ce, "A'a, Injiniya! Yau kuma wa za a kashe? Don Allah ka fara da Hamani, ya ƙi sayar mini da bijimin nan." Suka fashe da dariya. Baballe ma ya yi, amma tasa ta riga ta kowa ƙarewa.

Na ce Baba ina son magana. Ya ce, "Faɗi, duk 'yan'uwa ne." Na dubi fuskokin. Na ce gaisuwa ce kawai. Ya ce, "Mun amsa."

Na hau danfo, bas ɗin haya, na dawo. Takalmina har yanzu warin wajen yake.

Talata, 28 ga Janairu, sha ɗaya na safe

Na tashi na rufe rumfa, har na sa kwaɗo, sannan na tuna.

Alhamis, 30 ga Janairu, bayan la'asar

Jabir da Hafsa da wasu uku sun biyo ta rumfa bayan an tashi. Wai an turo wa maman Hafsa saƙo za a ba ta tallafi in ta latsa wani wuri, in duba. Na ce ku duba da kanku. Suka tsaya a rana suna gardama har suka gano. Na ce ku tafi gida kada a ce na buɗe aji a titi.

Hafsa ta ce, "Malam, saura kwana takwas." Na ce na iya ƙirga.

Ta ce Mubina tana karatu da asuba kafin su fita, ta ɓoye littafin kimiyya a cikin buhun gawayi.

Asabar, 1 ga Fabrairu, hantsi

Ina iya zuwa wajen Alhaji Lado in faɗa masa. Kalma ɗaya zai yi, a dawo da ita. Amma da me zan shiga gidan? Kuma in ya ji, ina Baballe zai sa kansa a kara? Kuma takardar yarinyar tana aljihuna.

Na rubuta wa Baballe saƙo, na tuna ba zai karanta ba, sai ya ba wani. Na ɗauki murya, na goge. Ba zan sake aika muryata ko'ina ba.

Litinin, 3 ga Fabrairu, bayan azahar

Saura huɗu.

Laraba, 5 ga Fabrairu, bayan la'asar

Baballe ya zo.

Ina cikin cire batirin wata waya na ga inuwa a kan tebur. Ya ajiye wayarsa ya ce, "Duba mini, ba ta caji." Na ba shi kujera. Na sa caja, tana caji. Na ce Baba lafiyarta ƙalau. Ya ce, "Sake dubawa."

Na sake dubawa. Jirgi ya wuce, muka jira ƙarar ta lafa.

Ya ce, "Injiniya, abin nan in an tura saƙo, yana rubuta lokacin da aka latsa?" Na ce a wayar wanda ya tura, yana rubutawa. Ya ce, "Ko sabis ya riƙe?" Na ce ko ya riƙe. Ya ce, "Duba."

Na ce Baba ba sai na duba ba.

Ya ɗauki wani ƙaramin sukudireba a teburina yana juyawa. Ya ce, "Wa ka faɗa wa?" Na ce ba kowa. Ya ce, "A taron nan me ya hana ka?" Na daɗe ina shawara, sannan na ciro takardar. Na ce an hana ni ne. Ya karɓa, ya riƙe ta, ya san rubutun ko da bai san abin da ya ce ba. Ya miƙo mini. Ya ce, "Karanta."

Na karanta masa. Layi uku ne.

Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce sati biyu.

Ya ce, "Kullum ita take kawo mini ruwan alwala. Ko a fuska." Sai ya tsaya. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya ɗauki waya. Na ce Baba, Juma'a ake rufewa. Ya ce, "Na ce ka faɗa mini?" Ya tafi da sukudirebana a hannu bai sani ba.

Ban san ko na gyara ko na ɓata ba. Na saɓa mata.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, kafin magariba

Hafsa ta ce Mubina ba ta zo ba.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, bayan la'asar

Wajen sha ɗaya da rabi Hajiya Talatu ta kira. Ta ce in zo da gudu, na'urar ɗaukar yatsa ta lalace, mai ɗaukar yana cewa sha biyu da rabi zai naɗe kayansa ya tafi masallaci. Ban tambayi komai ba, na hau babur ɗin okada.

Na shiga ofis na tarar da su. Mubina a kan kujera da kayan makaranta, an goge su har da kari. Baballe a tsaye a jikin bango, hula a hannu. Ba wanda ya gaishe ni, ni ma ban gaishe da kowa ba.

Na duba na'urar. Na sa yatsana, ta ɗauka nan take. Na ce Hajiya lafiyarta ƙalau. Mai ɗaukar ya ce to yatsan Mubina ta ƙi ɗauka, sun gwada sau ashirin. Na ce Mubina kawo hannunki. Ba ta so ba. Da ta buɗe sai na gane. Sati uku a ruwan zafi da kankara, fatar yatsun ta saɓule, duk ta tsattsage, zanen ya shafe.

Baballe ya matso yana kallo.

Na ce a samo man shafawa, a shafa kaɗan a goge, wani lokaci zanen yakan fito. Hajiya ta ciro daga jaka. Kafin ta buɗe ya karɓa. Ya durƙusa a gaban kujerar, babban mutum, ya kama hannun yana shafawa yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana gogewa da bakin rigarsa. Ita tana kallon bango.

Muka gwada, ina kallon fitilar na'urar. Ja. Muka sake. Ja. Mai ɗaukar yana duba agogo.

Baballe bai ɗago ba ya ce, "Hajiya, ba ita ta tura ba."

Hajiya ta ce, "Mun sani, Baballe. Danna mata yatsan da kyau."

Ya ɗora babban yatsansa a kan nata ya danna. Fitilar ta yi kore. Sauran ma da ƙyar, ɗaya bayan ɗaya, har aka samu adadin da ake so. Sha biyu da minti ashirin da biyar aka gama.

Da za a ɗauki hoto mai ɗaukar ya ce ta goge fuska tukuna. Ta goge, ta zauna daidai. Hajiya ta ce ta wuce aji, ana kimiyya.

A bakin ƙofa Baballe ya ce mini daga masallaci gidan Alhaji Lado zai wuce. Na ce in raka shi? Ya ce, "A'a. Wannan tafiyar tawa ce."

Darasina dai Hajiya ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaya ba. Na biya ta bayan aji shida zan fita. Ta taga na hango ta a kujerarta, ta riƙe biro da ƙyar tsakanin yatsu biyu, tana kwafar abin da ya wuce ta.